Sandar da Ba a Miƙa Ba

Sandar tana jingine a bayan ƙofar falo, tare da laima da tsintsiyar yanar gizo. Baƙa ce, tsayinta ya kai ƙugun mutum, kanta na azurfa, kuma a ƙasan kan akwai zobba shida, kowanne da sunan mutum a zane. Da ita uwargidan take tura tagar sama idan ta cije, da ita take zaro takalman jikoki daga ƙarƙashin kujera. Baƙon da bai sani ba zai ɗauka sandar dogarawa ce ta maigidan, tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba haka ba ne. Ita ce sandar Babban Hafsan Sojan ƙasar, ta asali.

Baturen da ya fara riƙe muƙamin shi ya sa aka ƙera ta, ya kuma bar mata ƙa'idoji biyu da ko kurtun jiya ya sani. Ranar da aka naɗa sabon Babban Hafsa, tsohon zai miƙa masa ita a gaban fareti, hannun dama zuwa hannun dama, sabon ya ɗaga murya ya faɗi ko na nawa ne shi a jerin, sannan maƙeri ya ƙara zobe. Ta biyun kuwa, duk sa'ad da sandar ta shigo filin fareti, mai bigila zai busa, sojoji su ƙame su ɗaga bindiga, ba kuma za su sauke ba sai mai riƙe da ita ya ba da izini.

Uwargidan ta san masu zobban nan sanin ido, ban da Baturen. Na biyu shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta, mutum mai kunya da ba ya cin abinci a gaban mata. Na uku jirgin sama ya faɗi da shi. Na huɗu ya ga kujerar ta yi masa kaɗan, ya kwashi tankoki ya tafi fadar shugaban ƙasa ya zauna. Na biyar ya yi ta lallaɓawa har ya samu ya gudu gona. Na shida mijinta ne. A wancan zamani matan sojoji suka sa mata suna Uwar Bariki, sunan ya bi ta har tsufa. Shi dai mijin, Kwamanda yake ce mata, ita kuma ta ce masa Janar, ko faɗa suke yi.

Bai cika shekara a kujerar ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, suka zauna a filin tasha da matansu da 'ya'yansu. Shugaban ƙasa ya kira shi ya ce a share filin, da harsashi idan ta kama. Janar ya ce sojansa ba zai harbi mutanen da suka saya masa bindiga ba. Ya dawo gida cin abincin rana da sandar a hannu, kamar kullum. Suna kan tebur rediyo ya sanar da shi an sauke shi.

Mataimakinsa aka naɗa, maƙwabcinsu a bariki, mutumin da ya sha cin abinci a teburin nan har ya san cokalin da ya fi so. Ya share filin. Bai zo karɓar sanda ba, bai kuma aiko ba. Ya kira kafinta da maƙeri, ya ba su hoto, suka yi masa wata irinta sak da zobba biyar, ya ƙara nasa ya ce shi ne na shida. A barandar hedikwata aka cire hoton Janar, aka matso da na kusa don rufe gurbin. Littafin da ake koya wa sababbin hafsoshi ma ya tsallake shi. Tun daga ranar Uwar Bariki ba ta sake kiran sunan mutumin ba. Mai Sandar Kafinta take ce masa.

Shekara talatin da wani abu ke nan ba wanda ya tambayi sandar, sai wata safiya da wani Kanar ya ƙwanƙwasa ƙofa da kwandon lemo a hannu. Mai gilashi ne, wayayye, shi ke kula da sashen tarihi na rundunar. Cikin kayan gida ya zo, ta kuwa gane dalili tun daga bakin ƙofa: mai kayan gida ba dole ya sara wa kowa ba.

"Mama, ina kwana? Yallaɓai, ya ƙarfin jiki?"

"Jiki rabi ne," in ji Janar daga kujerarsa. Tun da ciwon ya same shi maganarsa ta yi nauyi, amma ana gane ta. "Gaida rabin da ke ji."

Kanar ya yi dariyar da ta dace, ya zauna a bakin kujera, ya shiga bayani. Muƙamin Babban Hafsa zai cika shekara sittin. An gina zauren tarihi a hedikwata, za a buɗe shi da fareti, gidan talabijin zai nuna kai tsaye. An tara tsofaffin tutoci da takubba da hotuna. Abu ɗaya ya rage, kuma shi, a matsayinsa na mai bincike, ya gano cewa sandar da ake amfani da ita yanzu ba ita ce ta farko ba.

"Ka gano," in ji Uwar Bariki. "Sannu da aiki."

"Za mu sa ta a akwatin gilashi, Mama, a tsakiyar zaure. Da fitila a kanta."

"Me za a rubuta a ƙasa?"

"Kyauta daga wani tsohon hafsa."

"Wani. To, zobban fa?"

Kanar ya cire gilashinsa ya goge. "Za a ɗan gyara ta ne kawai, ta yi daidai da abin da ke rubuce."

"Wato a cire na shida."

"Mama, ba ni na rubuta tarihin nan ba. Tararwa na yi."

"Ni kuwa a gabana aka yi shi, ɗana. Ni na goge kakin da aka sa aka yi shi."

Janar ya ɗaga hannun hagu, suka yi shiru. "Kanar, sandar nan ba a aiken ta. Wanda ke so ya zo ya karɓa a fili, yadda aka saba. Ni ban miƙa ba har yau."

"Haba Yallaɓai. An yi Manyan Hafsoshi goma sha shida tun lokacin."

"Masu riƙon ƙwarya," in ji Janar.

Wannan karon Kanar bai yi dariya ba. Ya mayar da gilashinsa, ya ce cikin ladabi, ba yana gori ba ne, amma sandar dukiyar gwamnati ce, kuma akwai waɗanda ke ganin aikin 'yan sandan soja ne ba na sashen tarihi ba. Shi ne ma ya roƙa a bar shi ya zo tukuna.

Uwar Bariki ta tashi, ta ɗauko sandar daga bayan ƙofa, ta ɗora ta a cinyar mijinta.

"Ga ta nan. Turo su. Ka dai gaya musu su zo da rana, maƙwabtanmu suna son ɗaukar hoto da waya. Su zo da ƙarfinsu kuma, don hannun hagun nan ko cokali ya riƙe sai an yi da gaske."

Kanar ya miƙe. Ya ajiye katin gayyata a kan tebur, ya ce ya bar su su yi shawara. Ta duba katin bayan fitarsa. An rubuta sunan Janar, a ƙasa aka sa tsohon hafsa, layi na uku.

"Kwamanda, ba ki mayar masa da lemonsa ba."

"Lemo bai yi laifi ba," ta ce, ta ɗauki wuƙa.

'Yan sandan soja ba su zo ba. Abin da ya zo ya fi su sanin kan aiki. Makon da ya biyo, autarsu, wadda ma'aikaciyar jinya ce a cikin gari, ta kai mahaifinta gashin ƙashi a asibitin soja kamar yadda ta saba. Aka ce katinsa ana sake duba shi. Suka zauna a benci har masu gashin suka tashi. Ta dawo da shi gida, ta kwantar da shi, ta sami uwar a kicin ta rufo ƙofa.

"Umma, ki ba su sandar nan."

"Wanke hannu ki yanka min albasa."

"Ba wasa nake ba. Idan aka daina gasa ƙafar nan, kafin ki ankara ba zai iya tsayawa ba. Zobe ne fa, Umma. Ƙarfe ne. Kowa a gidan nan ya san Baba ya yi Babban Hafsa."

"A gidan nan. Ɗanki babba ba shi ke cewa soja zai shiga ba? Idan ya shiga suka ba shi littafinsu, a wane shafi zai ga kakansa?"

"Sai mu gaya masa."

"Mun gaya masa. Ya faɗa a makaranta, malaminsu ya buɗe waya ya nuna wa 'yan aji jerin, suka yi masa dariya. Ko kin manta wa ya lallashe shi?"

Auta ta yanka albasar da ƙarfi fiye da yadda albasa ke buƙata.

Abin da Uwar Bariki ba ta zata ba shi ne mijin. Da yamma, tana shafa masa mai a matacciyar ƙafar, ya daɗe yana kallon fanka kafin ya yi magana.

"Kwamanda, ko mu ba su? Na gaji. Yarinyar nan ma ta gaji."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da murza diddigen.

"Ba don hoto a bango na ƙi harbi ba," ya ce.

"Na sani. Ranar da rediyo ya yi magana, cewa ka yi in ƙara maka abinci. Ban taɓa jin ka yi kukan kujera ba. Amma saurare ni, Janar. Idan suka cire zoben nan, babu wanda ya taɓa ƙi. Sai ya zama duk wanda aka ce wa harba, ya harba, tun daga na farko har na yau. Yaron da zai riƙe sandar gobe abin da zai karanta ke nan."

Can ya ce, "Ba zai zo ba. Babban Hafsa ba zai tako gidan nan ba."

"Ba sai ya zo ba. Ai sun gayyace mu."

Ya juyo da kai a hankali ya dube ta. Ta sauke masa ƙafar, ta gaya masa abin da take tunani. Ta zauna a rumfar filin nan ta kalli fareti ba adadi. Baƙi ta baya suke shiga, su hau matakala. Mutumin da ba ya iya hawa matakala ba shi da hanya sai babbar ƙofa, inda Babban Hafsa ke shigowa. Mai bigila kuwa ba fuska yake kallo ba. Idonsa na kan ƙofar, yana jiran ya hango baƙar sanda mai farin kai.

Rabin bakin Janar mai motsi ya ɗan ɗaga. "Kwamanda, wannan ai juyin mulki ne."

"Na ɗan lokaci ne. Za mu mayar musu da kayansu."

Kakinsa ya yi masa yawa. Ta rage shi da kanta a keken ɗinki, ta goge, ta jera aninai a kafaɗa. Zobban ta wanke su da man goge baki da tsohon buroshi har suka yi ƙyalli, sannan ta nemo safa baƙa ta Janar, ta zura wa sandar daga kai, ta rufe azurfar duka, ta ɗaure da roba. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

"Idan suka kama ku, ni ban san ku ba."

"Ke dai ki zuba mai a mota."

Ranar bikin rana ta buɗe tun da hantsi. A shingen farko wani Saje ya duba katin, ya leƙa ya ga aninai, ya sara, ya nuna musu hanyar baƙi. Auta ta ce tsohon ba ya hawa matakala. Saje ya dubi ƙafar, ya dubi sandar dogarawa mai safa a ka, ya yi magana a rediyonsa, aka ce a sauke shi a babbar ƙofa amma a hanzarta, motar Babban Hafsa tana hanya.

Sauke shi ya ɗauki lokaci. Uwar Bariki ta riƙe shi ta ɓarin dama, ya dogara da sandar ta hagu. Daga ƙofar ana ganin filin duka: sojoji sahu sahu cikin kayan fareti, 'yan badujala a gefe, kwamandan fareti a gaba da takobi, rumfar manya cike da hula da lambobi, masu kyamara a kan dakali. A layin farko ta hango Mai Sandar Kafinta, ya yi ƙiba, gashinsa ya yi fari, an ba shi kujera mai hannu.

"Mama, ku bi ta gefe," in ji wani Kofur. "Ta gefen igiya."

"To, ɗana."

Ta sunkuya kamar za ta gyara wa mijin takalmi, ta cire robar, ta zare safar ta cusa a jaka. Rana ta bugi azurfar.

Bigila ta tashi.

Kwamandan fareti bai juya ya duba ba, don ba a koya masa ya duba ba. Ya ƙwala umarni, ƙafafu suka bugi ƙasa lokaci guda, bindigogi suka tashi, badujala ta kama taken girmamawa. Mutanen rumfa suka miƙe tsaye. Kofur ɗin da ya ce su bi gefe ya ƙame ya sara, idanunsa sun fito. Kyamarori suka juyo ƙofa.

"Taka, Janar," ta ce ƙasa ƙasa. "Ba gefe ba. Tsakiya."

Ya taka. Sanda, ƙafar hagu, sannan ya ja ta daman. Taken ya ƙare ba su kai rabin hanya ba, filin ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar sandar da jan takalmi a kan kwalta. Ta ji nauyinsa yana ƙaruwa a kafaɗarta, gumi yana bin wuyansa. Ba ta rage tafiya ba, shi ma bai nema ba. Suka tsaya a gaban dakalin karɓar gaisuwa, suka fuskanci sojojin.

A lokacin kwamandan faretin ya ga wanda ya yi wa gaisuwa. Takobinsa na gaban hancinsa, idonsa kawai ke yawo. Ba shi da ikon sauke bindigogi. Mai sanda ne ke ba da izini, mai sanda kuwa ya rufe bakinsa.

Kanar na sashen tarihi ya gangaro daga rumfa da sauri, yau cikin kaki. Ya zo daf da su, ya ɗan yi jinkiri, ya sara.

"Yau ka tuna," in ji Uwar Bariki.

"Mama, don Allah. Yallaɓai, ka ba su izini su sauke. Ƙasa duka tana kallo."

"Ai shi ya sa muka yi wanka."

"Babban Hafsa ya iso ƙofa."

"To, ga hanya."

Baƙar mota ta tsaya a inda tasu ta tsaya. Babban Hafsa ya fito, dogo, bai kai shekarun babban ɗansu ba, da tasa sandar a hannu, zobba sun cika ta har kusan rabi. Mai bigila ya kai bigilar baki, ya sauke. Ba a busa gaisuwa a kan gaisuwa. Babban Hafsa ya tsaya ya dubi sojojinsa da bindigogi a sama, ya dubi tsohon da ke gaban dakali, wani hafsa ya raɗa masa magana a kunne. Uwar Bariki ta lura da hannuwan yaran sahun gaba sun fara rawa. Bindiga ba ta da nauyi sai an riƙe ta a gaban fuska an hana mutum motsi.

Babban Hafsa ya tako shi kaɗai. Da ya iso ya yi magana yadda su uku kawai za su ji.

"Baba, me kake so?"

"In miƙa," in ji Janar. "Na daɗe ina jira."

"Mu shiga ofis, mu yi magana."

"Ba a ofis na karɓa ba."

Babban Hafsa ya dubi Uwar Bariki, kamar mai neman wanda ya fi sauƙi. "Mama, ki taimaka. Yaran nan za su fara faɗuwa."

"Shi ma zai faɗi, ɗana. Ƙafa ɗaya yake tsaye a kai. Sai mu ga wanda zai riga."

Zai iya ɗaga hannu a zo a ɗauke su. Ta san haka, ta kuma ga ya auna. Ya dubi kyamarori, ya dubi rumfa, inda Mai Sandar Kafinta ya koma ya zauna shi kaɗai a cikin mutanen da ke tsaye. Sannan ya dubi sandar da ke hannun tsohon, ya sunkuyar da kai ya karanta zobban daga sama zuwa ƙasa. Ya daɗe a kan na ƙarshe.

"Mahaifina direban jirgin ƙasa ne," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. Ya miƙa wa Kanar tasa sandar, ya ja baya, ya ƙame, ya sara.

Janar ya ɗaga sandar da hagu, sai ya tsaya. Ƙa'ida ta ce dama. Hannun daman yana rataye a gefensa kamar hannun riga. Uwar Bariki ta kamo shi, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su a jikin sandar, ta rufe da nata hannun, ta ɗaga. Ba tare da sandar dogarawa ba, nauyinsa duka ya dawo kanta. Ta cije.

Babban Hafsa ya kama sandar. Janar bai saki ba, wato ita ba ta saki ba.

"Na nawa ne kai?" in ji Janar.

"Na ashirin da ɗaya, ranka ya daɗe."

"Sake ƙirgawa."

An kawo makirufo an tsayar kusa da dakali tun da safe don jawabi. Babban Hafsa ya dube shi, ya san yana kunne. Ya ɗaga murya yadda ƙa'ida ta ce.

"Na karɓa daga hannun na shida. Ni ne na ashirin da biyu."

Kafin ta saki, Janar ya juya kai wajen kwamandan fareti, ya tattara abin da ya rage masa na murya. "Su sauke."

Bindigogi suka sauka da ƙara ɗaya, sannan ta saki sandar. Wani yaro a sahu na biyu ya sulale ƙasa, aka zo aka ɗauke shi. Auta ta riga ta iso da kujera, ba wanda ya san inda ta samo ta. Ba su hau rumfa ba. A nan gefen dakali Janar ya zauna har aka gama, matarsa a tsaye a bayansa da safa a jaka.

Washegari jaridu suka rabu. Ɗaya ta ce wani tsohon hafsa ya ba da kyautar kayan tarihi. Wata ta buga hoton hannaye uku a kan sanda, ta kuma tono labarin filin tasha. Kakakin rundunar ya ce komai yana cikin tsarin bikin tun farko. Asibiti ya bugo wa Auta waya ya ce an gama duba katin. Janar ya kwana biyu bai iya tashi daga gado ba.

Ran da ya tashi, tagar sama ta cije. Uwar Bariki ta kai hannu bayan ƙofa, ta samu laima da tsintsiya.

"Kin ba da sandar mutane, yanzu sai ki hau kujera," in ji Janar.

"Kai ka miƙa. Ni hannu kawai na ara maka."

Tana cikin dukan tagar da laima aka ƙwanƙwasa. Kanar ne, cikin kaki, ba lemo. Ya sara wa Janar tun daga bakin ƙofa. Ya ce an ba da umarni a gyara jerin hotunan baranda, amma sun bincika ma'ajiya duka ba su sami na Yallaɓai ba. Da alama wanda aka cire a wancan lokaci ba a ajiye shi ba. Ko akwai wani a gida?

Akwai, yana rataye a saman talabijin, Janar yana da sauran baƙin gashi, sandar a hannunsa na dama. Uwar Bariki ta sa Kanar ya hau kujera ya sauko da shi. Inda ya tashi ya bar fari a bango. Ta goge gilashin da gefen mayafinta, amma ba ta miƙa masa ba.

"Sandar fa? Zobba nawa ne a akwatin?"

"Shida, Mama."

"Sunan na shida yana kallon mutane ko yana kallon bango?"

Kanar ya ce, "Zan duba."

"Za mu duba." Ta rungume hoton, ta zura takalmi. "Janar, ga ruwa nan kusa da kai, kada ka tashi. Kanar, kana da guduma a mota, ko in ɗauko tawa?"